Tsatsa Ba Ta Jin Ƙarfi, Sai Dabara

Duk wanda ya san Illela, garin da ke kan iyakar Jihar Sakkwato da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, ya san amfanin tsofaffin motocin shiga daji irin su Land Rover da Land Cruiser. Su ne ke ratsa yashi da laka su kawo mutane da dabbobi kasuwa ranar Lahadi. Sai dai babu abin da ke ɗaure wa bakanike kai a jikin irin waɗannan motoci kamar notin da tsatsa ta cinye. Sau da yawa akan zura wa sifana dogon bututu, ƙarti biyu su danna, sai ka ji ƙas! Sandar notin ta karye a cikin raminta, aikin awa guda ya koma na kwana uku. Ra'ayina shi ne, wannan asara ba rashin sa'a ba ce, rashin sanin halin ƙarfe ne.

Da farko, mece ce tsatsa? Idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin a inda akwai danshi, sai su rikiɗe su zama wani sabon sinadari mai launin ja-ja. Mu masu nazarin halittu mun san wannan ƙauna da ke tsakanin ƙarfe da oksijin, domin ƙarfen da ke cikin jininmu shi ke ɗauko oksijin daga huhu. Abin lura shi ne, tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ninki biyu ko fiye. Saboda haka sai ta cike 'yar kafar da ke tsakanin haƙoran noti da na sandarsa, ta ɗaure su tamau.

Mai karatu zai ce, ina danshi a Illela? Lakar damina tana maƙalewa a ƙarƙashin mota, fitsarin dabbobi da takin zamani kuwa suna ɗauke da gishiri-gishiri masu gaggauta tsatsa. Bugu da ƙari, tsofaffin motocin da aka yi ta shigowa da su daga Turai ta tashar Kwatano sun zo da cutarsu, domin a can ana barbaɗa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara. Ita kuwa Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, jikinta na alminiyam ne, ƙashin bayanta na ƙarfe. Inda waɗannan biyu suka haɗu da ruwa, sai su zama tamkar ƙaramin batir, alminiyam ɗin ya riƙa zagwanyewa yana zama farin gari.

To, mene ne magani? A kankare datti da burushin waya, a ɗiga man kwance noti ko kananzir, a bar shi ya kwana. Man yana bin kafar ne kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, kuma wannan tafiya ba a yi mata gaggawa. Sannan a ɗan bubbuga da guduma don tsatsar ta farfashe. In ya ƙi, a gasa notin da wuta, domin zafi na sa ƙarfe ya buɗe. Amma kada a kusanci tankin mai ko bututun birki da wuta. A kuma tabbatar sifanar ta dace, domin tsofaffin motocin Ingila da awon inci aka yi notinsu, irin wanda Joseph Whitworth ya tsara a 1841, na Japan kuwa da milimita. Sifanar da ba ta zauna daram ba, kan noti take lalatawa. Idan kuma sandar ta riga ta karye, mai walda zai iya liƙa wani noti a kan guntun, a juyo shi waje.

Babban haɗarin yana wajen mayarwa. Lambar 8.8 da ake gani a kan noti tana nufin kowace murabba'in milimita tasa na jure nauyin kilo 80 ko kusa da haka kafin ta tsinke, mai lamba 4.6 kuwa rabin haka. Wanda ya ɗaure sitiyari ko ƙafar mota da mai rauni, ko da wanda wuta ta riga ta kashe wa ƙarfi, da rayukan fasinjoji yake wasa.

Kirana ga malaman sakandare shi ne su kawo garejin cikin aji. A sami ƙusoshi uku: ɗaya a ruwan gishiri, ɗaya a ruwa zalla, ɗaya a shafe ta da giris kafin a tsoma ta. Bayan mako guda ɗalibai za su gani da idonsu. Ɗalibin da ya ga wannan, in ya zama bakanike ko direba, ba zai ɗaure noti ba tare da ya shafa masa giris ba. Rigakafi dai ya fi magani.