Shirin gasar kimiyya daga rumbu yake farawa

In aka ce za a yi gasar kimiyya tsakanin makarantu, abin da ake yawan yi shi ne a ɗauko yaro guda, wanda ya fi kowa hadda, a ɗura masa karatu na kwana bakwai. Sauran ƴan ƙungiya su tsaya bayansa kamar ƴan rakiya. Wannan shiri ba shi da kyau. Ranar gasa, da alƙali ya yi tambayar da ba ta cikin littafi, sai yaron ya yi tsit, ƙungiya duka ta faɗi tare da shi.

Alhali yaran Tasawa da na Mayahi ba su rasa abin bincike ba. Ga wake nan a rumbu. Kowane yaro ya san yadda yake hujewa. Ƙwaro ne ke yin ƙwai bisa wake tun yana gona. Tsutsa ta fito, ta shige cikin ƙwayar, ta yi ta ci, cikin kamar wata guda ta zama ƙwaro, shi ma ya yi nasa ƙwai. Shi ya sa manomi ke gaggawar sayar da wakensa da kaka, lokacin da yake da araha, in bazara ta zo ya saye shi da tsada.

Ƙungiyar yara shida tana iya auna wannan abu da hannunta. A samo tiya guda ta wake mai ƙwari, a gauraya shi sosai. A ƙirga ƙwaya 100, a rubuta nawa ne masu huji. Sannan a cika kwalabe shida fal. Uku a toshe bakinsu yadda iska ba za ta shiga ba, uku a ɗaure musu ƙyalle kawai. Kowane wata a buɗe guda daga cikin na toshe, guda daga cikin na ƙyalle, a sake ƙirga ƙwaya 100. Me ya sa kwalabe shida, ba biyu ba? Domin kwalbar da aka buɗe sau ɗaya, iska ta riga ta shige ta, ba ta sauran shaida. Yaron da ya gano wannan da kansa ya fi wanda ya haddace shafi goma.

Dalilin abin da za su gani ba shi da wuya. Cikin kashi 100 na iska, kashi 21 ne oksijan, wato iskar da mai rai ke buƙata. In ƙwari sun shanye wadda ke cikin kwalba, sai su daina ci, su mutu. Da wannan dabara aka yi buhun PICS, mai leda biyu ciki da buhu waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, an fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, kuma masu binciken noma na INRAN a Maraɗi sun yi aiki a kansa.

Amma aikin yana son lokaci. Sai a fara shi watan Nuwamba, da an kai wake gida. Gawo ma abin bincike ne mai kyau, tun da gero ya fi yi ƙarƙashinsa, sai dai shi damina yake so, lokacin kuwa makaranta tana rufe.

A raba aiki. Wani ƙirga, wani rubutu, wani zane bisa allo, kuma kowane wata a yi musanya. Kada a bar ƴan mata da wanke kwalabe. Su da suke tsince wake kullum, idonsu ya fi saurin ganin huji. Malami kuwa ya riƙe hannunsa. In lissafi ya fito ba yadda ake so ba, a rubuta shi haka nan, a nemi dalili. Wataƙila murfi ne ya tsage.

Kafin ranar gasa, kowane yaro ya je ya yi wa kakarsa bayanin aikin da Hausa, kwalba a hannu. In ta gane, sai ya koma ya shirya shi da Faransanci. In ta ce toka ko yashi su ma suna tsare wake, a ƙaro kwalabe uku, a gwada nata.