Raddi ga Mai Cewa Gyaran Mudawwanar Maroko Aikin Turawa Ne

Wani malami ya yi rubutu yana cewa dokar iyali da Maroko ta sabunta a 2004, wadda ake kira Mudawwana, Turawa ne suka shifta ta, kuma ta fita daga mazhabar Imamu Malik. Maganar ta shafe mu, tunda da mu da su Malikiyya muke bi.

Ya ce daga waje aka ɗora wa mutane ita. Tarihin bai goyi bayansa ba. A 1999 gwamnati ta fito da wani shiri na inganta rayuwar mata, ba tare da ta kafa hujja daga fiƙihu ba, sai jama'a suka cika titunan Kasablanka a Maris na 2000 suna adawa, shirin ya mutu. Sarki Muhammad na Shida ya kafa kwamiti mai malamai da alƙalai da mata a 2001, kuma da ya gabatar da sakamakon ga majalisa a Oktoban 2003, ayoyi da hadisai ya riƙa jawowa. Har jam'iyyar masu kishin Musulunci ta PJD, wadda ta yi adawa da shirin farko, ta jefa ƙuri'ar amincewa.

Ya ce an haramta ƙarin aure. Tunusiya ce ta hana shi a 1956. Maroko cewa ta yi sai alƙali ya duba dalilin miji da ƙarfin aljihunsa, an kuma sanar da uwargida, sannan mace na iya sanya sharaɗin kada a yi mata kishiya. Shi wannan sharaɗi tsoho ne tukuf. Matan Ƙairawan sun shahara da rubuta shi a takardar aurensu, alhali garin ne na Ibn Abi Zaid, mai Risalar da ɗalibai ke ƙanƙame da ita a zaurukan Kano da Damagaram. Mai neman Bature a nan zai sha wahala.

Kan waliyyi kuwa yana da rabin gaskiya. Barin baligar mace ta ɗaura wa kanta aure ba ra'ayin Malik ba ne, na Abu Hanifa ne. To amma yaushe aro tsakanin mazhabobi ya zama ridda? Masar ta ari hukuncin Malikiyya a 1929 don matar da ake cutarwa ta samu alƙali ya raba auren. Malaman Hanafiyya na Indiya ma, ciki har da Ashraf Ali Thanawi, wajen Malik suka zo, har aka yi dokar raba auren Musulmi ta 1939. Da suka ara daga wajenmu, ai murna muka yi.

Sanya saki a ƙarƙashin kotu ma ya kira shi bidi'a. Sayyidina Umar, da ya ga maza suna wasa da saki, ya zartar musu da uku a kalma ɗaya a matsayin uku, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Shugaba na da ikon tsaurara wa mutane idan sun yi wa halal riƙon sakainar kashi.

Da malam ya so sukar da za ta zauna, da ya duba sashe na 20. An ɗaga shekarun auren mace daga 15 zuwa 18, amma wannan sashe ya bar wa alƙali damar yin togiya, alƙalai kuwa suka riƙa bayar da izinin aurar da 'yan ƙasa da 18 da yawa, musamman a karkara. Matan Maroko da kansu suka fi kowa ɗaga murya a kai, har sarkin ya ba da umarnin sake duba dokar a 2023.