Kalmomin Turanci Ma Suna Da Dangi



Ra'ayina a wannan makon shi ne mu rage haddar kalmomin Turanci ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar gero a cikin rairayi. Mu riƙa koyonsu dangi-dangi, kuma a ba mu dama mu yi wasa da su a makaranta. Da yawanmu shifta ce ke cinye mana maki, ga kuma jarrabawar BECE tana jiranmu a aji uku.

Me nake nufi da dangi? A Hausa muna da manomi, maƙeri, maɗinki da marubuci. Duk da "ma" suka fara, kuma duk masu sana'a ne. Turanci ma yana da kalmomin da jerin haruffa ɗaya ya haɗa su. Ku dubi "ight". Wanda ya riƙe haruffan nan huɗu ya samu light, night, right, fight, might, sight da tight. Kalmomi bakwai ke nan a tashi ɗaya. Idan ya sa f a gaban light ta zama flight, idan ya sa b a gaban right ta zama bright. Haka ma "tion" da ke cikin nation, station, education da examination. Duk mai bin Sama Road zuwa makaranta ya riƙa karanta allunan da ke bakin titi, ya ga ko 'yan wane dangi zai tsinta kafin ya iso.

Sai dai a yi hattara, domin ba duk 'yan gida ɗaya ne halinsu ɗaya ba. Though, through, tough da cough duk da "ough" suka ƙare, amma kowace da yadda ake furta ta. A nan ne muke buƙatar malaman Turanci su riƙa karanta mana muna maimaitawa.

Hanya mafi daɗi ta riƙe waɗannan dangogi ita ce wasan Scrabble. Wani Ba'amurke mai suna Alfred Butts ne ya ƙirƙiro shi. Ana yin sa da 'ya'yan haruffa 100 a kan allo mai gidaje 225. Kowane ɗan wasa yana riƙe haruffa bakwai, idan ya zuba su duka a lokaci ɗaya sai a ƙara masa maki 50. Wanda ya san dangin kalmomi shi ke saurin ganin inda zai ɗora harafi ɗaya ya ci maki.

Na san wasu za su ce wasa ɓata lokaci ne. To, a shekarar 2015 Wellington Jighere, ɗan Najeriya daga Jihar Delta, ya ci gasar Scrabble ta duniya a birnin Perth na ƙasar Ostireliya. A wasan ƙarshe ya doke Lewis Mackay, mutumin Ingila, wato ya kayar da Bature a harshen Bature. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ɗauki wannan kambu. Me zai hana wata rana a ji ɗan Sakkwato ya yi haka?

Wasu kuma za su ce babu kuɗin sayen kayan wasan. Wannan ba hujja ba ce. Kwalin taliya, almakashi, rula da biro sun ishe mu yanka haruffa mu zana allo. Ƙamus ɗaya ya isa ya raba gardama.

Don haka ina roƙon shugaban makaranta da malamanmu su ware mana rabin sa'a ko sau ɗaya ne a mako, ko da lokacin tara ne, domin wannan wasa. Su kuma manitoci su riƙa rubuta dangi ɗaya a gefen allo kowace Litinin, kowa ya kawo tasa kalmar kafin Juma'a.

Ga gwaji na farko: kalmomi nawa za ku iya kawowa masu "ight" ban da waɗanda na lissafa? Ku rubuta ku miƙa wa 'yan ƙungiyar jarida.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga ɗalibin aji biyu, ƙaramar sakandare