Jarumi Kafin Makami: Tsokaci Kan Renon Sabon Jarumi a Wasannin Kwamfuta

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa unguwar Tudun Jukun da ke yankin Tudun Wadar Zariya bayan la'asar sakaliya, ba zai rasa ganin samari a kan dakali ba, kowanne ya duƙufa a kan wayarsa. Wasu ƙwallon ƙafa suke bugawa, wasu kuwa suna can cikin wani irin wasa na jarumta, inda mai wasa kan ƙirƙiri jarumi guda, ya raɗa masa suna, ya shiga da shi dazuzzuka da kufai yana faɗa da dodanni. Irin wannan wasa shi ne abin nazarin wannan maƙala, musamman matsaloli biyu da ke fuskantar kowane mai wasa tun ranar farko: yadda zai reni sabon jaruminsa har ya ƙasaita, da yadda zai zaɓar masa kayan yaƙi. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa renon jarumi shi ke gaba da neman makami, kuma Bahaushe ya san wannan hikima tun kafin a ƙera kwamfuta, har ma yana da kalmomin bayyana ta, sai dai ana neman barin su su rube a rumbu.

Yadda Wasan Yake

Tushen waɗannan wasanni yana komawa ga wani wasan tebur mai suna Dungeons & Dragons da aka fitar a Amurka a 1974. Daga gare shi aka gaji tsarin matakai, wato jarumi ya fara daga mataki na ɗaya da rauni da tsumma, duk abokin gābar da ya kayar a ba shi makin gogewa, idan maki ya cika ya hau mataki na gaba. Alal misali, a wasan Diablo II na kamfanin Blizzard, wanda ya fito a shekarar 2000, matakai 99 ne, kuma duk hawa ɗaya akan ba mai wasa maki biyar ya rarraba tsakanin ƙarfi da zafin nama da ƙwarin rai da kuzarin sihiri, sannan a ƙara masa maki ɗaya na koyon dabarar faɗa. Kayan yaƙi kuwa faɗowa suke yi daga abokan gābar da aka kashe, ko a same su cikin akwatuna, ko a saya a kasuwar wasan. Kowane kaya da sharaɗinsa: akwai sulken da ba ya sawuwa sai ƙarfin jarumi ya kai wani adadi, akwai takobin da ba ya riƙuwa sai an kai wani mataki.

A nan ne sabon shiga kan yi tuntuɓe. Idonsa na kan makami mai walƙiya da ya gani a hannun wani, sai ya tattara duk makinsa ya zuba wa ƙarfi don ya iya ɗaukarsa, ya bar ran jarumin sirit kamar zaren gizo. Da zarar ya gamu da dodo na farko mai ji da kansa, bugu biyu ya ishe shi. Tsofaffin hannu a wasan sun daɗe da gane cewa ƙarfi gwargwadon abin da za a ɗauka ya wadatar, sauran maki kuwa rai ya fi cancanta da su. Daɗin daɗawa, har zuwa 2010 babu damar sake rabon maki a Diablo II, saboda haka wanda ya yi rabon ganganci sai dai ya yar da jarumin ya koma farko. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba ya fid da shi.

Darasi Daga Tarihin Yaƙin Hausa

Ba sai an je nesa ba kafin a sami abin da zai gaskata wannan ra'ayi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunarsa. Duk da waɗannan sababbin kaya, da ya tasam ma Zazzau ya sauka a Turunku, korarsa aka yi, sai a wani karo na daban ya sami galaba. Haka kuma a Tafkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ce ke da dawaki da 'yan lifida, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa galibinsu 'yan baka ne a ƙasa, amma su suka rinjaya. Masana tarihi suna kawo dalilai da dama game da waɗannan yaƙe-yaƙe, sai dai abu ɗaya ya fito fili, wato nauyin kaya shi kaɗai bai taɓa yanke hukunci a fagen fama ba.

Shi kansa lifidi abin lura ne. Riga ce ta tufa da aka cusa wa auduga aka ɗinke, ana sa wa doki da mahayinsa, tana tare kibiya ta rage kaifin sara. Amma tana da nauyi da zafi, tana hana doki sauri, ga ta kuma abincin wuta. Wanda ya kalli 'yan lifida a hawan salla a ƙofar fadar Zazzau zai ga yadda suke tafe a hankali, tamkar ganuwa mai tafiya. Don haka ne sarakunan yaƙi ba su sa kowa cikin lifidi ba. Akwai barade masu sauƙin kaya don kai hari da bin sawu, akwai dakaru masu takobi da garkuwa, akwai 'yan baka da kwarinsu da dafinsu. Kowa da aikinsa, kuma aikin ne ke zaɓar masa kaya.

Abin mamaki, wannan lissafi shi ne a cikin wasan Elden Ring da kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2022. A can kowane jarumi yana da iyakar nauyin da zai iya ɗauka. Idan kayansa ba su kai kashi 30 cikin 100 na wannan iyaka ba, zai riƙa zullewa da sauƙi kamar ɗan baka. Idan sun haura kashi 70, sai mirginawarsa ta yi nauyi, sara ya riƙa cim masa kafin ya miƙe. Mai wasan da ya lafta wa sabon jarumi sulke mafi kauri don kawai ya tsinta, ya mai da shi ɗan lifidan da ba shi da doki. Har wa yau, a bakin filin farko na wasan an ajiye wani barde mai sulken zinariya a kan ƙaton doki, wanda ya fi ƙarfin sabon jarumi nesa ba kusa ba. Hikimar ajiye shi ita ce a koya wa mai wasa kaucewa, ya je ya yi ƙwari, ya wasa makamin da ke hannunsa, sannan ya dawo. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙa'idojin Zaɓen Kaya

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idoji uku. Ta farko, mai wasa ya tsai da shawara kan irin mayaƙin da yake reno tun kafin ya kashe maki ko ɗaya. Idan ɗan baka ne, zafin nama da sauƙin kaya yake bukata. Idan dakare ne mai shiga tsakiyar gumurzu, to sai rai da garkuwa. Wanda ya ce zai haɗa baka da barandami da sihiri a jikin jarumi ɗaya tun yana ƙarami, zai tashi ba tsuntsu ba tarko.

Ta biyu, kariya tana gaba da ado. A wasan Path of Exile, wanda wani kamfanin ƙasar Niyuzilan ya fitar kyauta a 2013, jarumi na iya tara kariya daga wuta da sanyi da tsawa har zuwa kashi 75 cikin 100. Da an gama babi na biyar sai wasan ya zabge kashi 30 daga wannan kariya, a ƙarshen babi na goma ya sake zabge wani 30. Saboda haka zoben ƙarfe maras kyan gani da ke ƙara kariyar wuta ya fi wa jarumi amfani a wannan gaɓa bisa ga kwalkwali mai tuntu da ba ya tare komai. Mai hankali kan tanadi irin waɗannan kaya tun kafin ya isa wurin, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta uku, kada a ƙulla soyayya da kayan ƙuruciya, kada kuma a ɓarnatar da dukiya a kansu. Takobin da ya yi aiki a mataki na goma zai zama sanda a mataki na talatin. Abin da ya kamata shi ne a riƙa sauya kaya yadda ake sauya wa yaro riga yana girma, a adana duwatsu da ma'adinai masu wuyar samu har sai an dace da makamin da za a daɗe tare da shi.

Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce ta banza, tun da ana iya buɗe intanet a kwafi tsarin wani gwani daga farko har ƙarshe, ko kuma a sa kuɗi a sayi ƙarfi. Hujjarsu tana da ƙamshin gaskiya. Saurayin Tudun Jukun da ke fama da ɗaukewar wuta da tsadar data ba shi da sa'o'in da zai ɓata yana gwaji, kuma neman shawarar na gaba ba abin kunya ba ne. Amma akwai bambanci tsakanin mai tambayar dalili da mai haddace amsa. Gwanin da aka kwafa ya gina tsarinsa ne a kan kayan da sabon shiga ba shi da su, kuma kamfanoni kan yi wa wasanninsu gyare-gyare, abin da ke da ƙarfi bana ya yi rauni baɗi. Ranar da haka ta faru, mai kwafe ba shi da ta cewa, domin zanen aro ba ya rufe katara.

Batun sayen ƙarfi kuwa ya fi wannan haɗari. Wasan Genshin Impact na ƙasar Sin, wanda ya fito a 2020 kuma ake yin sa a waya, kyauta ake shigarsa, amma manyan jarumai da makamansu ta hanyar ƙuri'a ake samunsu. Mutum na iya jan ƙuri'a har sau 90 kafin a tabbatar masa da jarumi mai tauraro biyar, kuma ba lalle ne ya zama wanda yake nema ba. Ana iya tara abin jan ƙuri'ar a hankali cikin wasa, ana kuma iya sayensa da kuɗi, kuma a kan rashin haƙurin mai wasa ne cinikin ya dogara. Ɗalibin da ya karkatar da kuɗin littafi ko na abinci zuwa wannan ƙuri'a ya yi hasara biyu: aljihunsa ya yi sauƙi, hannunsa kuma bai koyi komai ba. Wanda ya reni jaruminsa da kansa ya san dalilin kowane maki da ya kashe, kuma wannan sani ba ya cikin abin da ake sayarwa.

Abin da Ya Shafi Sashen Hausa

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa wannan zance da nazarin Hausa. Amsar tana nan kusa da Tudun Jukun ɗin kanta, inda Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, ya daɗe yana buga littattafan da suka reni tunanin makaranta Hausa. A cikin littattafan da Zariya ta fitar akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda tauraronsa ya fara rayuwa a naƙashe, sai daga baya ya sami ƙarfi da doki da makami. Wannan zubi na tashi daga rauni zuwa ƙasaita shi ne ƙashin bayan wasannin da ake magana a kansu, illa dai a nan mai wasa ne ke riƙe da linzamin labarin. Manazarcin adabi da ya iya feɗe jigo da zubi da taurari a ƙagaggen labari yana da kayan aikin da zai feɗe waɗannan wasanni.

Sai dai abin takaici, idan samari suna hirar wasan, kusan duk sunan kaya da Ingilishi yake fitowa, alhali ga sulke da kwalkwali da lifidi, ga garkuwa da kunkeli, ga takobi da kansakali, ga mashi da asigiri, ga kwari da warki da laya. Da yawa daga cikin waɗannan kalmomi sun koma sai a bakin maroƙa da masu kula da dawakin fada. Wasannin jarumta su ne wuri na farko cikin shekaru masu yawa da saurayi ke bukatar sunan kowane ɓangare na ɗamarar yaƙi a kullum. Idan aka bari wannan dama ta wuce, za a wayi gari jikan barde ya san sunan kwalkwali da harshen wasu, bai san shi da nasa ba.

Kammalawa

An yi ƙoƙarin nuna cewa a wasannin jarumta mai haƙurin reno ya fi mai gaggawar neman makami, kuma kaya sai sun dace da aiki da ƙarfin mai ɗaukarsu, kamar yadda tarihin Turunku da Tafkin Kwatto ya nuna. Abin da ya rage shi ne aiki. Ɗaliban da ke neman batun kundin kammala karatu suna iya zama da masu wasa a Tudun Jukun su rubuta kalmomin da suke amfani da su, sannan su shiga birni wurin 'yan lifida da maƙera da dukawa su tattaro sunayen kayan yaƙi da bayanin aikin kowannensu, a gwama jerin biyu a fitar da ƙaramin ƙamus. Malamai kuwa su karɓi irin wannan batu idan an kawo musu shi, su duba shi da idon da suke duba tatsuniya da wasan kwaikwayo. Dattawan da suka san bambancin kunkeli da garkuwa suna nan da ransu, amma kullum raguwa suke yi.