Sakamakon BAC Bai Yi Kyau Ba: Ina Mafita Ga Mai Son Zama Likitan Haƙori?

Duk shekara idan hukumar ONECS ta fitar da sakamakon jarrabawar BAC a Chadi, gidaje kan rabu kashi uku: waɗanda 'ya'yansu suka ci kai tsaye, waɗanda aka ba su damar sake zama a zagaye na biyu, da waɗanda suka faɗi. Haka abin yake a unguwar Paris-Congo da maƙwabciyarta Moursal, cikin gunduma ta 6 ta birnin Injamena, haka yake a sauran unguwanni. Amma akwai kashi na huɗu da ba mu cika magana a kansa ba, wato yaron da ya ci, sai dai da maki 10 ko 11 cikin 20, makin da ya isa a yi masa barka, amma bai isa ya kai shi inda yake so ba. Idan burin wannan yaro shi ne zama likitan haƙori, to shawarar da iyayensa za su yanke cikin makonnin da ke biye ita ce za ta tsara masa shekara shida ko bakwai masu zuwa.

Kafin mu shiga hanyoyin, ya kamata mu san cewa wannan buri ba na wasa ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Nuwamban 2022 ya nuna cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙori, kuma uku cikin huɗu suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. A yankinmu na Sahel abin ya wuce ciwon haƙori. Cutar Noma, wadda ke zaizaye baki da fuskar ƙananan yara, daga kumburin dasashi take farawa, kuma tana kashe mafi yawan waɗanda ba su samu magani ba. A Disamban 2023 aka sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan fafutukar da Najeriya ta jagoranta, kuma Sakkwato na da asibiti guda da aka keɓe mata tun 1999. Saboda haka yaron da ya ce haƙori yake so, buƙatar al'umma ya hango.

Matsalar ita ce ƙofar tana da ƙunci. Jami'ar Injamena, wadda aka kafa a 1971, tana da tsangayar kimiyyar lafiya, kuma da jarrabawar gasa ake shigarta. Makarantun da suka daɗe da suna wajen horar da likitocin haƙori cikin harshen Faransanci kuwa a waje suke: Jami'ar Cheikh Anta Diop a Dakar, Jami'ar Félix Houphouët-Boigny a Abijan, Jami'ar Yawunde ta Ɗaya a Kamaru, sai Kasablanka da Rabat a Maroko da Monastir a Tunisiya. Gurabensu kaɗan ne, domin wannan karatu ba na allo da alli kawai ba ne. Kowane ɗalibi sai da kujerar aiki, da kayan aiki, da malami tsaye a kansa yana duba bakin majinyaci. Shi ya sa suke tacewa sosai. Masu ba da tallafin karatu ma haka. Gwamnatin Turkiyya, alal misali, tana neman kashi 90 cikin 100 ga mai son likitanci ko haƙori ko harhaɗa magunguna, alhali kashi 70 ya wadatar a sauran fannonin digirin farko, kuma tana son ɗalibin ya kasance bai kai shekara 21 ba.

Ga kuma halin da duniya ta shiga. Sudan ta daɗe tana karɓar ɗaliban Chadi, musamman masu karatu da Larabci. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa karatu a can. Kafin nan, yaƙin Ukraine na Fabrairun 2022 ya koro dubban ɗaliban Afirka, da yawansu masu karatun likitanci, kuma hukumar kula da likitoci ta Najeriya ta ce ba za ta amince da karatun likitancin da aka ƙarasa ta intanet ba. Hanyoyi biyu ke nan masu sauƙin kuɗi da suka toshe cikin wata 14.

To mene ne ya rage? Mu a ganinmu hanya uku ce ta gaskiya.

Ta farko ita ce a sake shiri. Wanda ya faɗi zai iya maimaita ajin ƙarshe, ko ya yi rajista a matsayin ɗalibi mai zaman kansa. Wanda ya ci da rauni kuwa, jarrabawar gasa dama ce ta biyu, domin sabuwar takarda ake ba kowa. Sai dai a karanta sharuɗɗan kowace gasa tun da wuri, saboda wasu na ƙayyade shekaru, wasu na ƙayyade maki. Kuma a duba takardar sakamakon darasi bayan darasi. Idan raunin a Faransanci ko falsafa yake, gyaransa da sauƙi. Idan a ilimin halittu da kimiyyar sinadarai da lissafi yake, to nan ne tushen karatun, kuma sai an zauna da malami an faɗa wa juna gaskiya. Wanda ya fito daga sashen A4 na adabi ba shi da mashiga sai ya koma sashen D ko C. Mun san maimaita aji na da ɗaci, ga surutun maƙwabta, ga abokai sun wuce. Amma shekara kwana ce.

Ta biyu ita ce a shiga aikin lafiya ta wata ƙofa. Makarantar ENASS da ke Injamena tana horar da ma'aikatan jinya da ungozomomi da sauran ma'aikatan lafiya. A Najeriya akwai kwalejojin da ke koyar da wankin haƙori da kula da dasashi da ƙera haƙoran roba, kuma akwai hukumomin da ke yi wa masu wannan aiki rajista. Karatun ya fi gajarta, kuɗinsa ya fi sauƙi, kuma mai shi na iya gano cutar Noma tun tana dasashi ya ceci yaro. Amma kada a yi wa ɗalibi alƙawarin cewa daga nan lallai zai tsallaka ya zama likita. Wannan sana'a ce mai zaman kanta. Wanda ya shige ta ya shiga don yana sonta.

Ta uku ita ce Najeriya, ga mai iya jure wahalar Turanci. Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano duk suna da tsangayar likitancin haƙori, karatun shekara shida ne. Hausar ɗanmu za ta amfane shi wajen magana da majinyata, amma darasi da jarrabawa da Turanci suke, kuma dole a tantance takardarsa ta BAC. Ga 'yan uwanmu na Najeriya da WAEC ko NECO ta ba su kunya, abin da ake nema shi ne kiredit biyar a Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku. Akwai jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, akwai kuma shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ke kai mai maki sosai aji biyu kai tsaye.

Akwai hanya ta huɗu, ita muke jan kunne a kanta. Ita ce ta dillalin da zai zo gida ya ce yana da makaranta a wata ƙasa da ba ta damu da maki ba, a biya kawai. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu takardar digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, kuma a Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Har waɗanda suka yi karatun gaskiya abin ya shafa. A fannin haƙori hasarar ta fi muni, domin takardar da hukumar likitoci ba ta karɓa ba ba ta ba kowa izinin taɓa bakin mutum.

Don haka kafin a sayar da fili ko shanu, a nemi amsar tambaya uku a rubuce. Shin gwamnatin ƙasar da makarantar take ta amince ta koyar da likitancin haƙori? Shin CAMES, majalisar da ke Wagadugu mai tantance takardun jami'o'in ƙasashen renon Faransa, wadda Chadi ke cikinta, ta san wannan digiri? Shin makarantar na da asibitin da ɗalibai ke aiki a kan majinyata? Duk wanda ya ce a biya tukuna amsa ta zo daga baya, a sallame shi.

Ga iyaye, kada mu mayar da takardar sakamako hukuncin ƙarshe a kan yaro, kada kuma kunyar idon jama'a ta sa mu saya masa abin da ba zai amfane shi ba. Asarar shekara ɗaya a benci ta fi asarar shekara shida da dukiyar gida. Ga ƙungiyoyinmu na unguwa, ɗakin karatu mai wutar lantarki da malamin kimiyya guda na yamma za su yi wa waɗannan yara abin da dillali ba zai yi ba. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya sa su zama masu jin ƙan marasa lafiya.