Ƙunar wuta a ƙasar Kurfai: tun ran gini, ran zane

Duk shekara, idan ɗari ya sauka a Dallol Boso, tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, jama'ar Kurfai na matsawa kusa da wuta. Ana jin ɗumi cikin ɗaka, ana dama kunu a ƙasa bisa duwatsu uku, yara kuwa na rarrafe gefen tukunya. A wannan lokaci ne hatsarin ƙuna ke ƙaruwa, musamman ga ƙananan yara, da mata masu girki, da masu ciwon farfaɗiya.

Nijar ta san ɗacin gobara. A watan Mayu na 2019, motar dakon mai ta fashe kusa da filin jirgin sama na Yamai, mutum aƙalla 55 suka rasu nan take. A 2021, azuzuwan zana sun kama wuta a Yamai cikin Afrilu, a Maraɗi kuma cikin Nuwamba, yara fiye da 40 suka halaka. Amma ƙunar da ta fi yawa ita ce ta cikin gida, wadda rediyo ba ta faɗi. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a kowace shekara, galibinsu a ƙasashe matalauta da masu tasowa.

Tsakanin Filinge da Yamai, inda manyan asibitoci suke, akwai kilomita kusan 180 ta hanyar Baleyara. Mutumin Cikal ko Luma sai ya fara isa Filinge tukuna, ga kuma rashin tsaro da ya sa tafiyar dare ta yi wuya. Saboda haka, makomar wanda ya ƙone tun a ƙauye take yankuwa. Binciken likitoci ya nuna wa'adi uku da ya kamata kowa ya riƙe: minti 20, awa 8, kwana 21.

Wa'adi na farko shi ne na ruwa. Ko an raba fata da wuta, zafin na ci gaba da cin naman ƙarƙashi. A birnin Birisben na ƙasar Ostareliya, an bi diddigin yara 2,495 da suka ƙone. Sakamakon da aka bayyana a 2020 ya nuna cewa waɗanda aka zuba wa ruwan sanyi na minti 20, cikin awa 3 na farko, sun fi tsira daga aikin dashen fata, kuma ƙunarsu ba ta cika yin zurfi ba. Inda babu famfo, buta da ruwan randa mai tsabta sun wadatar, a riƙa kwarara shi sannu a hankali. Ba a sa ƙanƙara. A lulluɓe sauran jikin yaro don kada sanyi ya kama shi. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a rufe wurin da tsumma mai tsabta, kada a fasa bororo. Ɗanyen ƙwai, da toka, da tawada, da man goge haƙori, da kashin shanu, ba su fid da zafi, sai dai su shigar da ƙwayoyin cuta, har da na tetanos.

Wa'adi na biyu shi ne na ƙarin ruwa. Babbar ƙuna na tsiyayar da ruwan jiki har ƙoda ta gaza. Tun 1968, likita Charles Baxter na asibitin Parkland a Amurka ya tsara lissafin da ake aiki da shi har yau. Misali, magidanci mai nauyin kilo 60 wanda kashi 30 cikin 100 na jikinsa ya ƙone, yana bukatar ƙarin ruwa sama da lita 7 a yini da kwana na farko, rabinsa cikin awa 8. Ana fara ƙidayar awoyin ne daga lokacin ƙunar, ba daga isa asibiti ba. Ke nan, tilas a ɗaura ruwan tun a gidan likita mafi kusa, kafin a hau hanya. Auna ƙuna ba shi da wuya: tafin hannun majinyaci, har da yatsu, daidai yake da kashi 1 cikin 100 na jikinsa. Yaron da ƙunarsa ta kai tafi 10, ko wanda ya ƙone a fuska, ko hannu, ko gaɓa, ko al'aura, ba na jinyar gida ba ne.

Wa'adi na uku shi ne na tabo. Wani bincike na 1983 a Amurka ya gano cewa mikin da ya warke cikin kwana 10 da wuya ya bar tabo mai tudu, amma wanda ya haura kwana 21 galibi yana barinsa. Tabon nan ne ke ɗaure yatsu, ya maƙale gwiwar hannu, ya hana manomi riƙon hauya, ya hana ɗalibi riƙon alƙalami. Tun 1970, likita Zora Janžekovič ta tsohuwar Yugosilabiya ta nuna amfanin yanke mataccen nama da wuri a dasa sabuwar fata. Don haka, mikin da ya yi mako biyu bai kama warkewa ba, a kai shi ga likitan fiɗa ba tare da jinkiri ba.

Nauyin ya rataya a wuyan kowa. Tun 2006 gwamnati ta yanke shawarar kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma shawarar ba ta cika sai an tarar da ruwan ƙari, da bandeji, da allurar tetanos a gidajen likita na karkara. Wajibi ne magabatan gunduma su tabbatar da haka kafin shigar ɗari. Malaman yaƙi da jahilci, da limamai, da masu gari, su koyar da darasin minti 20. Magidanta su kewaye murhu, su nisanta fetur da kananzir daga ɗakin kwana. Ruwan buta ɗaya bayan ɗaya, a kan lokaci, na iya raba yaro da nakasar da za ta bi shi har tsufa.