Laifin waɗanda suka kashe wayar Ben Nevis

Har yau akwai masu wanke hukumomin Birtaniya daga laifin rufe tashar auna yanayi ta ƙololuwar dutsen Ben Nevis a 1904. Hujjarsu ita ce wadda aka kafa tun wancan zamani: wai saƙonnin da ke saukowa ta wayar tangaraho ba su ƙara wa masu hasashen yanayi na Landan wani abin kirki ba. Wannan hujja gurguwa ce, kuma ya kamata ɗalibi ya san dalili.

Ben Nevis, a ƙasar Sikotilan, shi ne dutse mafi tsawo a Birtaniya, mita 1,345. Kafin a gina tashar, Clement Wragge ne yake hawansa kusan kullum a lokacin zafi na 1881 da 1882 don ya auna iska da sanyi, ya sauko da sakamako. Da hunturu ya shigo, sai aiki ya tsaya. A watan Oktoba na 1883 aka buɗe tashar, aka shimfiɗa waya daga ƙololuwa zuwa garin Fort William da ke gindin dutsen. Daga nan ma'aikata suka zauna can sama rani da damina, suna awo kowace sa'a, dare da rana. Idan ƙanƙara ta binne ginin ta toshe hanya, wayar nan ce kaɗai ke sada su da duniya, ita ke kai rahoto ga jaridu.

To, da wane mudu aka auna amfaninta? Da hasashen gobe kawai. Wanda ya shuka dabino ba ya tone shi don bai ci 'ya'yansa a shekarar farko ba. Darajar irin wannan awo tana cikin ɗorewarsa: shekara kan shekara ba yankewa, ana kwatanta sama da ƙasa, musamman bayan an buɗe tasha ta biyu a Fort William a 1890. A tashar ƙololuwar ne kuma C. T. R. Wilson ya zauna a 1894, ya ga hasken rana cikin gajimare, abin da ya kai shi ga ƙirƙiro akwatin gajimare da ya jawo masa kyautar Nobel a 1927.

Gwamnati ta ƙi ɗaukar nauyi, tallafin jama'a ya gaza, waya ta yi shiru bayan shekara 21. A 2017 sai ga dubban 'yan sa kai suna kwafe waɗancan alƙaluma cikin kwamfuta, domin masana sauyin yanayi suna matuƙar bukatarsu. Abin da aka rubuta an ceto shi. Shekarun da ba a auna ba kuwa sun tafi, babu kuɗin da zai sayo su. Duk hukumar da ke shirin rufe tashar awo a yau don tsimin kuɗi, wannan asarar take shirin maimaitawa.